Saran da ke Gefen Kujerar Furera

Sassaƙa gadon gidan su Abarshi ce, amma shi gizago ya ƙi shi tun yana yaro. Ubansa kan shiga dajin Birnin Gwari da gatari ya fito da turmi, yayyensa biyu su fito da akushi da muciya da ƙota. Shi kuwa in an ba shi gungume aka ce ya sassaƙa kujera, sai ya fito da abin da ko kaza ba za ta yarda ta hau ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, a gidan nan ta yi gudun, ɗan kuma ya yi rarrafensa hankali kwance, har uban ya gaji da faɗa ya tura shi wajen kakarsa ta wajen uwa, wata tsohuwar Bagwariya da ke zaune a bakin daji kusa da Kuyello, ko ya taya ta ɗiban itace.

Ashe arzikinsa aka tura shi ya ɗauko. Tsohuwar ba ta sassaƙa komai, amma duk kayan itacen da ke ɗakinta ƙyalli suke yi, har wanda ya girme ta. Ita ta nuna masa ganyen ɓauren da ke da kaushi, wanda ke gyara fuskar itace ba ya cin namansa. Ita ta koya masa jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, wato ragowar ƙarfen da ke taruwa a murhun maƙeri, a tsohuwar tukunya har ruwan ya koma baƙi ƙirin, da yadda ake dafa karan dafi a fitar da ja, da lokacin da itace ke son hayaƙi, da lokacin da yake ƙishin man kaɗe. Doka ɗaya ta kafa masa, da Hausarta mai karkace: "Wuƙa ba ta hau tsoho itace. Abin da ka kankare, hannun mutane ne."

Da ya dawo gari ya yi aure, sai ya kafa rumfa a bayan gidansa, ya jera tukwane bakwai, kowace da abin da ke jiƙe a ciki. Matarsa Ma'u ta yi ƙorafin wari shekara ɗaya, daga nan hancinta ya haƙura. Mutane suka fara da dariya, wai ɗan masassaƙa ya koma shafa wa kujeru mai kamar uwar amarya. Sai wata rana wani ya kawo masa akushin kakansa da ya yi fari fat ya tsage, bayan kwana goma ya karɓi abinsa baƙi sumul, ya juya, ya juya, ya rasa inda tsagar take. Daga ranar aka daina dariyar.

Wannan ciko shi ya ɗaga sunan Abarshi. Yakan narka ƙaron maje da kakin zuma, ya zuba garin irin itacen da zai gyara, ya cusa a rami ko tsaga, ya bi da launi sau uku ko sau biyar, har ma ya zana jijiyar itacen da bakin ƙaya ta ratsa ta kan cikon. Ranar kasuwa mutane kan taru a rumfarsa ana ba juna kujera ko marfin akwati, a ce wa baƙo: nemo gyaran. Ba wanda ya taɓa samowa. Abarshi mutum ne mai kawaici, ba ya yabon kansa da baki, amma in baƙo ya gaji ya miƙo kaya yana girgiza kai, akwai wani ɗan tari da yake yi, wanda Ma'u ta ce ya fi kirari ƙara.

Haka ya yi shekara ashirin da ɗoriya. Tafukan hannunsa suka rine, ba baƙi ba ba ja ba, ko ya wanke da sabulun salo sau bakwai. Turawa suka zo haƙar zinariya, aka yi hanyar mota, aka soma shigo da kujerun kafinta masu ƙusa, shi yana nan bayan gida da tukwanensa.

A daminar shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama, wani saurayi ya yi sallama a rumfar da hantsi, ɗauke da wani abu a buhu. Mailafiya ne, ɗan Furera makauniya ta unguwar gabas. Ya je yaƙi ya dawo da ransa, ya samu aikin shafa fenti a bariki. Ya durƙusa ya gaida Abarshi, ya kasa ɗaga kai, sannan ya zazzage buhun. Kujera ce 'yar tsugunno, irin ta mata, an fafe ta daga gungume ɗaya. An shafe ta da koren fenti tun daga sama har ƙasa, tana sheƙi kamar ƙofar ofis.

Abarshi ya dubi kujera, ya dubi soja. "Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

"Ni ne, Baba," in ji Mailafiya. "Wallahi alheri na nufa."

Ya kwashe labarin ya faɗa. Tun yana goye yake ganin uwarsa a kan kujerar nan. A kanta take kaɗi, a kanta take tuƙa tuwo, da idonta ya tafi kuma ta zama ita ce wurin zamanta daga safe har faɗuwar rana. Da ya dawo daga yaƙi ya ga kujerar ta tsufa ta yi duhu, sai ya ga bai dace a ce uwar soja tana zama a kan wannan ba. Ranar da ta tafi bikin suna a ƙauyen Kutemeshi ta kwana biyu, ya samo ragowar fenti ya shafe ta sau uku. Da ta dawo ya kamo hannunta yana murna ya ɗora a kai. Ta shafa, ta shafa, ta sansana, sai ta ture ta da ƙafa. Ta ce wannan ba kujerarta ba ce. Ta ji labarin wani Bature a wajen haƙar zinariya da ke sayen tsofaffin kayan mutane, ta ce shi ya kai wa tata, ya kawo mata wannan ya yaudare ta tun da ba ta gani.

"Na rantse mata, ta ƙi. Ita ma ta rantse ba za ta ƙara cin abin da ya fito daga hannuna ba sai kujerarta ta dawo. Yau kwana goma sha ɗaya. Kunun maƙwabta kawai take kurɓa. A ƙasa take zama, Baba, ga damina, ga tari ya kama ta. Ko sunana aka ambata sai ta juya fuska." Ya ƙara da cewa, "Ni kaɗai na rage mata cikin mu takwas."

Abarshi ya ji tausayinsa ƙwarai, ko da yake bakinsa ya yi ƙaiƙayin ya ce garin neman gira an rasa ido. Ya haɗiye, don maganar ba ta dace da gidan makauniya ba. Al'adarsa ce kafin ya taɓa tsohon abu ya je ya ji tarihinsa daga bakin mai shi, don haka da la'asar ya tafi gidan. Ya tarar da Furera a kan 'yar tabarma a ƙofar ɗaki, ta rame, sandarta a gefe. Ya gaishe ta, ta amsa da kyau, ta tambayi Ma'u da yara. Da ya kawo zancen kujera sai fuskar ta rufe.

"Ɗan masassaƙa, ba ni da kujerar da za a gyara. Tawa tana gidan Bature. In an turo ka ka taya yaron nan ƙarya ne, ka koma, girmanka ya fi haka."

Ya dawo gida ba tarihi, sai kujera kore da ke jiransa.

Wani da ya sa wuƙa ya kankare fentin a wuni ɗaya. Abarshi ya ƙona karan dawa da kwasfar ɗorawa, ya tace ruwan toka mai ƙarfi, wanda in ya taɓa harshe sai an tofar. Ya jiƙa tsumma ya lulluɓe kujerar, ya bar ta a inuwa. Washegari fentin ya yi laushi ya tattare, ya bi shi da soso a hankali, ya sake lulluɓewa. Kwana huɗu yana wannan. Ruwan tokar ya ci fatar yatsunsa har suka tsattsage, Ma'u na shafa masa mai tana mita. A rana ta biyar ya wanke kujerar da ruwan tsamiya don ya kashe kaifin tokar, ya ajiye ta ta sha iska.

Da ta bushe ya ɗauko ta ya fito da ita haske, sai ya zauna a ƙasa bai shirya ba. Kirya ce, itacen da gara ke gani ta canza hanya, wanda masassaƙa ke gudu don yana cin bakin gizago. Amma wannan kiryar ta lotsa. Tsakiyar mazaunin ya yi kwarmi mai santsi, ba aikin ƙarfe ba, aikin zama ne kawai. A gefen dama akwai gurbin yatsu huɗu inda ake kamawa a ja ta kusa da murhu, yatsun sun ci itacen har sun yi wa kansu ɗaki. Ya sa nasa yatsun a ciki, suka zauna daidai. Ya yi lissafin irin shekarun da fatar mutum za ta yi tana shafar kirya kafin ta lotsa ta haka, lissafin ya fi ƙarfinsa. Wannan ba zaman mace ɗaya ba ne, ko biyu. Ya ce "Allahu Akbar" a hankali, ya daɗe zaune yana kallonta, har Ma'u ta leƙo ta ga ko lafiya.

A nan ne ya ga ramin. A gefen hagu, a bakin mazaunin, akwai wani farin abu da tokar ba ta cire ba. Ya taɓa da farce, ashe ƙwaɓin alli da mai ne, irin wanda masu fenti ke toshe ramin ƙofa da shi kafin su shafa. Ya tono shi da ƙaya. Ƙarƙashinsa sara ne mai zurfi, tsawon ɗan yatsa, ya shiga itacen a karkace. Da Mailafiya ya zo duba aiki ya tambaye shi.

"Tun ina yaro yake nan, Baba. Ina jin gatarin faskare ne ya kuskure. Na ga ya ɓata ta, shi ya sa na toshe."

Abarshi ya yi ɗan tarin nan nasa. "Wannan ka kira toshewa? Je ka, soja. Za ka ga yadda ake yi."

Ya soma da launi. Tokar ta kwashe duhun da kujerar ta tara, ta bar ta fari-fari kamar mai jinya. Ya shafa ruwan karan dafi tukuna, don ya lura a ƙarƙashinta, inda fenti bai kai sosai ba, duhun yana da ja a ciki. Ya bi da ruwan bagaruwa mai rauni sau shida, kowane sai na baya ya bushe, don baƙin da aka zuba lokaci ɗaya a sama yake tsayawa. Ya rataye ta a saman murhun Ma'u kwana biyar ta sha hayaƙin tuwo da miya. Kana ya sauke ta ya shiga shafa man kaɗe da tafin hannunsa, ba tsumma, yana murzawa har itacen ya yi ɗumi ya shanye, safe da yamma.

Saran kuwa ya ba shi kwana biyu shi kaɗai. Ya samo tsohuwar ƙotar kirya ya goga ya tara garinta, ya narka ƙaro da kaki, ya cika, ya daidaita bakin da ganyen ɓaure, ya ja jijiyoyin itacen suka haye kan cikon suka haɗu da 'yan'uwansu. Da ya gama ya rufe ido ya juya kujerar sau uku, ya buɗe, shi kansa sai da ya yi nema. A duk shekarunsa bai taɓa yin ciko kamar wannan ba, ya kuma san haka.

Ranar da za a kai ta, unguwar gabas ta cika. Ruwa ya ɗauke da safe, ƙasa a jiƙe. Mata suka tsaya a bakin zana, maza a ƙofar gida. Duk wanda ya san kujerar a da, da ya gan ta sai ya kama baki: ita ce, har ta fi da. Mailafiya na tsaye can gefe, hularsa a hannu. Furera ta ƙara ramewa a kwanakin nan, sai da maƙwabciyarta ta tallafe ta ta zauna sosai. Abarshi ya durƙusa ya ajiye kujerar a gabanta.

"Inna, ga amanarki."

Ta miƙa hannu ba da so ba. Tafinta ya sauka a kwarmin, ya tsaya. Ta sunkuya ta sansana, ta ja numfashi mai tsawo. Yatsunta na dama suka tafi da kansu suka faɗa gurbinsu. Mata suka soma gyara murya za su yi guɗa. Sai hannunta na hagu ya bi bakin mazaunin, ya je, ya dawo, ya sake zuwa. Ya tsaya daidai kan cikon, ya wuce, bai ji komai ba.

Ta janye hannuwanta ta ɗora a cinya.

"Kai gwani ne, ɗan masassaƙa. Ka yi ƙoƙari, har ƙamshin ka samo. Amma ba ita ba ce. Tawa tana da sara."

Mailafiya ya juya ya kifa goshinsa a bango.

Sai yanzu Abarshi ya gane. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya yi wa soja dariyar toshewa, ashe shi ma abin da ya yi ke nan, sai dai shi ya fi iya ɓarnar. Maganar kakarsa ta faɗo masa. Bai sa wuƙa ba, gaskiya ne, amma ya shafe abin da ba a aike shi ya shafe ba. Ga jama'a kuma, ga cikon da ya fi kowanne a rayuwarsa, wanda yau da an ce a nemo, har Kaduna sai an ji labarinsa.

Bai yi dogon tunani ba. Ya ce a ba shi basilla da garwashi. Aka kawo a kasko. Ya sa bakin basillar a wuta har ya yi zafi, ya ɗora a gefen kujerar, a wurin da ba wanda ke ganin komai. Kakin ya narke ya gangaro, ƙamshin ƙaro ya tashi. Mutane suka yi "a'a!" don sai yanzu suka ga akwai gyara a wurin. Ya bi a hankali yana kwashewa, yana gogewa da bakin rigarsa, har aikin kwana biyu ya ƙare a ƙasa, ɗigo-ɗigo a kan laka. Saran ya fito, baƙi, a karkace, yadda yake. Ya jira ya huce.

"Inna, ki yafe mini. Ni na rufe shi. Sake taɓawa."

Hannunta na hagu ya tafi, bai yi lalube ba, kai tsaye ya je, ɗan yatsanta ya shige ramin har gaɓa. Wani sauti ya fito daga ƙirjinta wanda ba kuka ba ne ba dariya ba. Ta jawo kujerar ta rungume.

"Ita ce. Wayyo Innata, ita ce."

Da numfashinta ya daidaita sai ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba, amma har na ƙofar gida sun ji. Ta ce tun kafin mulkin Turawa, tana 'yar shekara biyar, mahara suka faɗa wa ƙauyensu a cikin daji da rana tsaka. Uwarta na bakin murhu a kan kujerar nan, wadda ita ma ta gada wajen tata uwar. Wani mahayi ya shigo har tsakar gida, ya kawo sara da takobi daidai kan yarinyar. Uwar ba ta da komai a hannu, sai ta fizgo kujerar ta kifa a kan 'yarta. Takobin ya shiga kiryar ya maƙale. Kafin ya zare, sun faɗa cikin dawa.

"Bayan kwana uku muka dawo. An ƙone komai, ita kaɗai muka samu a toka. Ban taɓa ba kowa labarin ba, don ba na son tuna ranar. Amma kullum in na zauna, nan nake sa yatsana."

Abarshi ya dubi saran. Ya auna zurfinsa da ido, a cikin itacen da ke karya gizago, ya auna kan yarinya 'yar shekara biyar. Shekara ashirin da ɗoriya yana taɓa tsofaffin itatuwa, yana tsammanin ya san abin da suke ɗauke da shi. Daga ranar nan har ya mutu bai ƙara cike ko da ramin ƙwaro ba sai ya tambayi mai abu, in mai abu ya ce bai sani ba, sai ya ce a je a tambayo tsofaffi, shi yana jira. Ɗan tarin nan ma Ma'u ta ce ba ta ƙara jin sa ba.

Furera ta ajiye kujerar, ta dafa kafaɗar maƙwabciyarta ta tashi daga tabarmar, ta zauna a kai. Jikinta ya sauka a kwarmin daidai. Ta juya fuska wajen da ta ji shesshekar ɗanta.

"Ina yaron nan? Zo nan."

Mailafiya ya zo ya durƙusa. Ta lalubo hannunsa, hannun da ya riƙe bindiga a Bama, ta kamo ɗan yatsansa ta cusa a cikin saran, ta danne da nata.

"Ka ji zurfinsa? Da kaina ya samu, da babu ni, da babu kai. Shi ka toshe da alli."

Hawayensa suka yi ta zuba a kan hannuwansu biyu. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta saki yatsan, ta shafa kansa, ta gyara zama.

"To, ya isa. Tashi ka kawo mini tuwon nan naka, yunwa nake ji."